Sana'ar Cikin Ɗaki: Yadda Ake Yi wa Furen Hannu Kala

   

A shirin da ya gabata mun yi bayanin kwaɓin da ake yin furen hannu da shi. Saboda wadda ba ta ji ba, ga shi a gurguje. Kofi 1 na garin sitacin masara, wanda ake kira kwanfulawa, da kofi 1 na farin gam ɗin kafintoci irin su Top Bond, da babban cokali 1 na man jarirai, da babban cokali 1 na ruwan lemun tsami don kada ya yi fumfuna. A zuba a tukunyar da aka ware don wannan aiki kaɗai, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, har ya haɗe kamar tuwo ya saki jikin tukunya. In ya sha iska a shafa mai a hannu a murza shi sosai, a ƙulle a leda ya kwana. Ba a gasa shi kamar tukunyar ƙasa, iska ce ke busar da shi, shi ya sa Turawa ke kiransa tangaran mai sanyi. Sana'a ce da ta yi ƙarfi a hannun matan Ajantina da Barazil da Rasha, kuma da yawansu a cikin gidajensu suke yi, kamar dai yadda mu ma muke so mu yi.

To yau maganar kala za mu yi. Uwargida, ki ba ni aron hankalinki, domin a nan ne kuɗin sana'ar yake, a nan ne kuma asararta take. Kin san kasuwa cike take da furen roba da ake shigowa da shi daga China, ga shi da araha. Ke da za ki kwana biyu a kan reshe ɗaya, ba za ki iya karya farashi kamar nasu ba. Abin da za ki fi su da shi guda ne: in mace ta kalli furenki, ta kai hannu ta taɓa don ta tabbatar ko na gaske ne. Wannan kuwa kala ce ke jawo shi. Furen roba ja ne wur tun daga gindi har baki, babu sauyi. Furen da ya fito a shuka ba haka yake ba.

Da wane fenti za a yi? Mu fara da waɗanda ba su dace ba. Kalar abinci, irin ta kek, ruwa ne da ita, kuma haske na kashe ta, bayan 'yan watanni sai ki ga furen ya koɗe. Kalar ruwa ta 'yan makaranta tana jiƙa kwaɓin. Fentin bango ya yi kauri, yana rufe duk 'yan jijiyoyin da kika sha wahalar fitarwa. Akwai wanda ake kira akirilik, yana da kyau a wasu ayyukan, amma cikin 'yan mintoci yake bushewa, kafin ki baje shi ya riga ya kama, ya bar miki tabo mai iyaka. Wanda masu wannan sana'a suka fi yarda da shi shi ne fentin mai na masu zane, wanda ke zuwa a ɗan bututu irin na makilin. Shi ba ya saurin bushewa, yana ba ki lokaci ki ja shi, ki baje shi, har kala ta shige cikin 'yar uwarta ba a ga inda suka haɗu ba.

Sai dai fentin mai na asali yana da matsala babba ga mace irinmu. Ba ya jin ruwa. In za a sirka shi ko a wanke buroshi, sai da tina, wasu ma da kananzir ko fetur suke yi. Mai zane da ke da shago zai buɗe ƙofa da taga iska ta kwashe warin. Ke kuwa ɗakin da kike aiki, nan kike kwana, nan jariri ke barci, nan yara ke rarrafe. Warin nan yana sa ciwon kai da jiri, yana tayar wa mai asma da ciwonta, kuma abu ne mai kama wuta. Ga kuma haɗarin da duk muka sani, na yaro ya ga kananzir a robar ruwa ko kwalbar lemo ya ɗaga ya sha. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin kananzir ɗin na iya faɗawa huhu. Asibiti za a nufa nan take.

To shi ya sa na zo muku da labarin wani nau'in fentin mai da ke karɓar ruwa. Wata za ta ce, haba, yaushe mai da ruwa suka shirya? Ai kin sha gani a wajen wanke-wanke: kwanon miya mai maiƙo, da kin sa sabulu sai man ya bi ruwa ya tafi. Kusan dabarar ke nan. Man da ake haɗa fentin zane da shi, mafi yawa man linsid ne, wanda ake matsowa daga 'ya'yan wani tsiro da ake nomawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha. Sai masu yin fenti suka gyara man, ko suka ƙara masa wani sinadari, yadda zai yarda ya gauraya da ruwa. A shekarun 1990 ne irin wannan fenti ya bazu a kasuwannin duniya. Kamfanin Winsor & Newton na Ingila, wanda aka kafa a Landan tun 1832, yana yin nasa da sunan Artisan. Kamfanin Royal Talens na Holan yana yin Cobra, Holbein na Japan kuma yana yin Duo. Ki riƙe waɗannan sunaye, ko ki sa yaro ya rubuta, don in za ki aiki maigida ko ɗan aike shagon masu sayar da kayan zane ya san abin da zai tambaya. Ba kowane shago ke ajiye shi ba. An fi dacewa a manyan birane da garuruwan da ake koyar da zane, kamar Zariya, ko kuma a yi odarsa ta intanet.

Yanzu ga babbar ƙa'idar yau, in kin manta komai kada ki manta da ita. Shi fentin yana son ruwa, amma furenki ba ya so. Sitaci ne da gam, ko ya bushe ƙarau, in ruwa ya zauna a kansa zai yi laushi, ya yi danƙo, ya lanƙwashe. Saboda haka amfanin ruwa a wajenki shi ne wanke buroshi da faranti da hannu bayan an gama. A kan furen kuwa, fentin zai hau ne kusan yadda ya fito daga bututunsa. Wadda ta ji an ce yana karɓar ruwa ta dama shi kamar koko, to ta yi asarar fure da fenti gaba ɗaya.

Kala nawa za a saya? Kada ki tsorata da tsadarsa ki ce sai kin tara kuɗin kwali guda. Biyar sun isa: fari, wanda ake kira farin titaniyam, da rawaya, da ja mai ɗan duhu irin na zoɓo, da shuɗi, da ruwan ƙasa. Ƙaramin bututun Artisan mililita 37 ne, na Cobra 40, kuma da yake da tsinken ashana za ki riƙa ɗiba, zai daɗe a hannunki ƙwarai. Sauran kaloli ke za ki haɗa. Rawaya da shuɗi su ba ki kore. Ja da rawaya su ba ki ruwan goro. Ja da fari, ruwan hoda. Ja da ɗigon shuɗi da ɗigon ruwan ƙasa, ruwan hanta. Kin ga ban ambaci baƙi ba. Da gangan ne. Baƙi yana kashe hasken kala, in kuwa ya shiga rawaya sai ya mayar da ita kore mai datti. Sai buroshi uku: ƙarami mai faɗin baki na ɗora kala, mai laushi na bajewa, da siriri na jan layi. Tsohon buroshin kwalliya ma yana yin aikin bajewa, amma in ya shiga fenti ya bar fuska ke nan har abada.

Bari mu ɗauki misali da furen da ba sai kin fita waje za ki gan shi ba, wato furen kuɓewa. Da yawanmu muna da 'yar shuka a bayan ɗaki da damina, wadda ba ta da ita ta aiki yaro ya tsinko mata. Da safe za a tsinko, don da hantsi yake buɗewa, zuwa yamma ya yi yaushi, kwana ɗaya tak yake yi. Ki riƙe shi ki dube shi da kyau. Yana da falle 5, waɗanda zan riƙa kira kunnuwan fure. Kalarsu rawaya ce mai haske ƙwarai, kusan ruwan madara. A gindin kowane kunne akwai tabo ruwan hanta mai duhu, wanda in suka haɗu suke yin kamar ido a tsakiya. Akwai 'yan jijiyoyi da suka taso daga gindi zuwa baki. A tsakiya ga wata 'yar sanda mai gari rawaya, kanta kuma ja ne mai duhu. Furen yakuwa da na rama ma kusan haka suke, dangin juna ne, don haka in kin iya ɗaya kin iya uku. Wannan furen shi ne malaminki. Ki ajiye shi a gabanki muddin kina aiki.

Kala hawa biyu ce: ta ciki da ta waje.

Ta ciki ita ce wadda ake murzawa a cikin kwaɓi tun yana ɗanye. Abu na farko, fari. Kwaɓin nan kina ganinsa fari fat yana ɗanye, amma in ya bushe sai ya koma garai-garai kamar ƙaho, da ɗan duhun rawaya. Saboda haka kowane curi sai an sa masa farin fenti kaɗan, in ba haka ba kunnen furen zai fito kamar busasshen gam. Ga curi kamar girman ƙwan kaza, ki fara da fari kamar ƙwayar wake. Sannan rawaya, ita kuwa abin da kan tsinken ashana ya ɗauko ya isa. Dabarar da ta fi ita ce ki gutsuri ɗan ƙaramin curi ki rina shi sosai, sannan ki riƙa gutsurarsa kina ƙarawa a babban, kina murzawa har kalar ta daidaita babu zane-zane. Ba a sa ruwa ko ɗigo. Kada kuma fentin ya yi yawa, yana sa kwaɓi ya rasa danƙonsa ya riƙa tsagewa.

Abu na biyu, kala tana ƙara duhu in kwaɓi ya bushe. Dalili kuwa, ruwan da ke ciki na fita, kwaɓin ya tsuke da kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kalar ta taru wuri guda. Don haka ki tsaya tun tana da haske fiye da yadda kike so. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a nan gwaji ya fi: ki fyaɗa ɗan guntu siriri ki ajiye ya kwana, da safe ki gwada shi da furen gaske. In ya yi daidai sai ki ci gaba. Sauran kwaɓin a ƙulle shi a leda, kowace kala da ledarta.

Kala ta waje kuwa sai kunnuwan sun bushe sarai, kwana 1 zuwa 2 ga siraran. Ya fi sauƙi ki yi wa kowane kunne kala shi kaɗai a kan wayarsa kafin ki haɗa furen, don in an haɗa buroshi ba ya kaiwa gindi. Ki matsa ɗan ja a tsohon farantin tangaran, ki haɗa ruwan hantarki. In kin ga mai na kwance a kan fentin, ki ɗora shi a kan guntun kwali na 'yan mintoci ya tsotse. Ki dangwala bakin buroshi, sannan ki goge shi a tsumma har ki ga kamar babu komai a jiki. Abin da ya rage ɗin nan shi ne daidai. Ki fara daga gindin kunnen, inda ya fi duhu, ki riƙa ja sama a hankali, kina bin hanyar jijiyoyi. Sai ki ɗauki buroshi na biyu, busasshe mai tsabta, ki share bakin tabon da shi sama-sama, har duhun ya narke cikin rawayar. In bai yi duhun da kike so ba, ki bari ya sha iska ki ƙara wani hawan. Ƙari yana da sauƙi, ragi ne wahala. In hannu ya zarce, ki goge nan take da busasshen tsumma ko audugar kunne. In ya ƙi fita, ki ɗan jiƙa audugar, ki matse ta sosai, ki shafa sau ɗaya ki ɗauke hannu.

Kada a manta da bayan kunnen. Ki juya na gasken ki gani, akwai ɗan kore-kore ko ja-ja a gindinsa ta baya. Mai saye tana juya fure, kuma a nan take gane aikin ƙwararriya. Garin tsakiya kuwa, ki busar da guntun kwaɓi rawaya, ki goga shi a kan magogi ya zama gari, ki shafa gam a 'yar sandar ki barbaɗa. Wasu na amfani da garin semo, amma shi yana kiran ƙwari.

Ganye ma haka. Koren da ke fitowa daga rawaya da shuɗi zalla yana da ƙara kamar na robar wasan yara. Ki taɓa masa ɗigon ja ko ruwan ƙasa ya kwantar da shi. Saman ganye ya fi ƙasansa duhu, sabon toho ya fi tsohon ganye haske, kuma kada ki ji tsoron sa ɗan ruwan ƙasa a bakin wani ganyen kamar rana ta taɓa shi. Ai shuka ba ta rasa irin wannan.

In dole ta sa kin ɗan sirka fentin da ruwa don jan siririn layi, to ɗigo ɗaya a faranti, kuma ki sani kalar za ta yi haske-haske kamar an zuba madara, sai ruwan ya fita za ta koma yadda take. Buroshin da aka wanke kuwa, kada ya koma kan fure sai ya bushe ƙarau.

Sai maganar bushewa, inda haƙuri ke aiki. Kada ki ɗauka tunda yana karɓar ruwa zai bushe kamar wanki. Ruwan ne ke tafiya da wuri, shi kuwa man sai ya sha iska a hankali sannan ya ƙanƙame, kamar kowane fentin mai. Yana ɗaukar kwana 2 har zuwa kwana 12, gwargwadon kauri da irin kalar. Ruwan ƙasa na saurin bushewa, fari na nawa. Ki soke wayoyin a jikin guntun katifa ko soso, ki ɗora a saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa, inda akwai iska da haske amma ba rana kai tsaye ba. Kada ki rufe su a akwati ko ƙarƙashin gado, domin fentin mai in ya bushe a duhu farinsa na komawa rawaya-rawaya. Da hunturu komai na saurin bushewa, sai dai ƙura na manne wa ɗanyen fenti, sai ki kifa kwando ki yafa masa tsohon gidan sauro. Da marka kuwa, a watan Agusta, raɓar iska na jinkirta aiki, har busasshen fure yakan yi laushi. Ki ƙara kwanaki a lissafinki.

Bayan fentin ya bushe sosai, mako 1 zuwa 2, ana shafa wa furen ruwan kariya marar kala da masu zane ke shafa wa aikinsu a ƙarshe, hawa ɗaya siriri. Akwai mai ƙyalli, akwai marar ƙyalli. Marar ƙyallin shi ne na kunnuwan fure, mai ƙyalli kuwa sai ganyen da asalinsa mai sheƙi ne. Mafi yawansu suna da wari, don haka a tsakar gida za a shafa. Ko da an shafa, ki gaya wa mai saye gaskiya: wannan fure ba a wanke shi, ba a sa shi a ruwa, da busasshen buroshi ake kaɗe masa ƙura, kuma cikin gilashi ya fi daɗewa.

Rigakafi ya fi magani, ga 'yan jan kunne. Rashin wari ba ya nufin fentin abin ci ne. Wasu kalolin ja da rawaya ana yin su da kadmiyam, wasu shuɗin da kobal, waɗanda ba su da kyau a cikin jiki. In an ga an ƙara kalmar Hue a bayan sunan kalar, alama ce an kwaikwayi kalar ne da wani sinadarin, sai a zaɓi wannan. Kada a lashi bakin buroshi don ya yi tsini. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko a ba yaro nono. Farantin fenti kada ya koma cikin kwanukan gida. Tsumman da ya sha fentin mai kuma kada a dunƙule shi a cusa a lungu, don man linsid yana ɗaukar zafi lokacin da yake bushewa, tarin irin wannan tsumma na iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a buɗe ya bushe kafin a zubar.

Daga ƙarshe, maganar ciniki. Masu sayen wannan kaya su ne masu jeren ɗakin amarya, da masu neman kyautar biki ko suna, da masu ƙawata falo. In an kawo miki aiki ana cewa biki jibi ne, ki ba da haƙuri. Sauri ya haifi nawa: furen da bai bushe ba zai ɓata mayafin mai shi, sunanki kuma ya ɓaci a unguwa. Ki nemi aƙalla mako 3. Ki ajiye 'yan guntayen gwajin kalarki a kwali, ki rubuta yadda kika haɗa kowace, don in amarya ta ce tana son wadda za ta shiga da labulenta ki nuna mata ta zaɓa. In za ki ɗauki hoto ki tura ta WhatsApp ko ki ba dillaliya, ki ɗauka da hasken safe a bakin ƙofa, don hasken ƙwan lantarki yana canza kala, a zo ana cewa ba abin da aka gani ba ne. Wajen yanka farashi kuma ki sa kuɗin lokacinki, kada ki tsaya a kuɗin gam da fenti kawai.

Aikin gida na wannan mako shi ne kunnen furen kuɓewa guda 5. Kada ki damu da haɗa su tukuna. Ki yi musu kala ta ciki, ki yi ta waje, ki jera su kusa da na gaske ki duba. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake ɗaure su a waya su zama reshe.